Liƙe Tsagar Haƙori Tun Bai Yi Kogo Ba

Ku kira yaronku mai shekara 6 ko 7, ku ce ya buɗe baki. Ku duba can ƙurya. Za ku ga sababbin turame sun fito, biyu a sama, biyu a ƙasa. Mutane da yawa suna tsammani su ma za su zube in yaro ya yi famfara. A'a. Waɗannan ba su da magaji. In ɗaya ya lalace, shi ke nan.

Kan turmi ba sumul ya ke ba. Akwai 'yan ramuka da tsagogi a kansa. Waɗansu tsagogin sun yi ƙunci ƙwarai, ko asuwaki ko buroshi ba ya kai gindinsu. Nan guntun abinci ke maƙalewa, balle alewa da minti. Ƙwayoyin cuta su ci zaƙin, su fid da tsami, tsamin ya yi ta cin haƙori har ya yi kogo. Ba tsutsa ba ce, ko da ya ke haka a kan ce.

To, mai soro ba ya jiran ruwa ya zubo masa kafin ya yaɓe tsagar rufinsa. Haka likitan haƙori ke yi. Ya kan liƙe tsagogin nan tun haƙori yana da lafiya. Babu allura, babu huda, babu zafi. Abin liƙin iri biyu ne.

Na fari danƙo ne irin na roba. Shi kaɗai ba ya kama haƙori sosai. A 1955 wani likitan haƙori a Amurka, Michael Buonocore, ya nuna dabarar. Watau a shafa wa haƙori ruwa mai tsami na ɗan lokaci, bai kai minti ɗaya ba, a wanke, a busar. Fuskarsa sai ta yi kaushi, danƙo ya sami wurin kamawa. Sa'an nan a haska masa shuɗiyar fitila, ya daskare nan take. Wannan ya fi daɗewa, ya kan yi shekaru bai ɓamɓare ba. Amma fa ba ya shiri da miyau. In miyau ya taɓa haƙori ana cikin aiki, liƙin ba zai yi ƙarko ba. Don haka waɗansu likitoci su kan fara shafa wani gam mai ruwa-ruwa a ƙarƙashinsa, ya taimaka masa kamawa.

Na biyu kamar siminti ya ke. Garin gilas ne, a kan kwaɓa shi da ruwa mai tsami. Masana biyu a Landan, Wilson da Kent, su suka fito da shi a farkon shekarun 1970. Shi da kansa ya ke manne wa haƙori, 'yar laima ba ta hana shi. Ba ya bukatar fitila ko lantarki. Ma'aikaci ya kwaɓa, ya shafa, ya danna da yatsa cikin safar hannu. Kuma yana sakin fulorayid a hankali, watau maganin nan da ke cikin man goge baki, mai ƙarfafa haƙori. Aibinsa, ya fi saurin zaizayewa. Amma sau da yawa ko na sama ya tafi, a kan sami saura can cikin tsagar.

Wanne ya fi? Masana sun gwada su a bakin yara masu yawa. Wajen daɗewa, danƙon roba ya ci. Wajen hana kogo kuwa, ba su ga bambanci bayyananne ba. A ganina, in akwai lantarki da injin tsotse miyau, yaro kuma ya natsu, a sa na roba. In a ƙauye ne, ko turmin bai gama fitowa daga dasashi ba, ko yaron sarkin motsi ne, simintin gilas ya fi dacewa.

In an liƙe, kada a daina goge baki safe da dare, gama liƙin bai rufe tsakanin haƙora ba. A riƙa kai yaro a duba, in ya ɓamɓare a sāke. In ya kai wajen shekara 12, waɗansu turame huɗu za su fito bayan na fari. Su ma a kai a duba su.