Tabon huhu

Tabon huhu cuta ce da naman huhu ke yin kauri da tauri, har ya kasa buɗewa yadda ya kamata idan mutum ya shaƙi iska. Tabon yana taruwa ne a bangon ƙananan jakunkunan iska da ke cikin huhu, inda iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini. Alamominta sun haɗa da haki, da busasshen tari, da kasala, da rama, wani lokaci kuma kan yatsu ya kumbura. Tabon da ya riga ya zauna ba ya gogewa. Bincike ya nuna cewa ƙwayoyin bakteriya da ke cikin huhu, da irin martanin da garkuwar jiki ke mayar musu, suna da hannu a yadda cutar ke tsananta.

Bakteriyar da ke cikin huhu

A da, likitoci sun ɗauka cewa huhun mai lafiya ba ya ɗauke da bakteriya ko kaɗan. Daga baya aka gano cewa akwai su, sai dai ba su da yawa. Yawancinsu daga baki da maƙogwaro suke gangarowa, musamman lokacin barci. Jiki yana rage su ta hanyar tari, da majina, da ƙananan gasu da ke share hanyoyin iska. Idan huhu ya yi tabo, wannan sharar tana raguwa, sai bakteriya su samu wurin zama.

Martanin garkuwar jiki

Masu gadin jakunkunan iska wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira makrofej, waɗanda ke haɗiye bakteriya da ƙura. Idan suka ci karo da abin da ya fi ƙarfinsu, sukan saki sinadarai masu kiran wasu ƙwayoyin garkuwa, sai wurin ya kumbura. Bayan haka ƙwayoyin gyara, wato fibroblas, sukan zuba wani zare mai ƙarfi da ake kira kolajin domin ɗinke raunin. A huhun mai lafiya gyaran yana tsayawa da zarar rauni ya warke. A mai tabon huhu kuwa ba ya tsayawa: rauni yana jawo tabo, tabo yana tara bakteriya, su kuma suna sake tayar da garkuwar jiki.

Bincike

Akwai nau'in tabon huhu da ba a san musabbabinsa ba, wanda ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50. A shekarar 2014, masu bincike a asibitin Royal Brompton da ke Landan sun gano cewa masu wannan nau'in suna da bakteriya a huhu fiye da masu lafiya, kuma waɗanda tasu ta fi yawa sun fi saurin tsananta. A shekarar kuma wani bincike a Amurka ya danganta tsanantar cutar da wasu nau'o'in Streptococcus da Staphylococcus.

Sai dai kashe bakteriyar bai zama magani ba. Gwajin da aka yi da co-trimoxazole a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2020, da wani a Amurka a 2021, ba su nuna wani amfani ba. Danne garkuwar jiki ma bai yi ba: gwajin PANTHER, wanda ya haɗa prednisone da azathioprine, ya nuna ƙaruwar mace-mace. Magungunan pirfenidone da nintedanib, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a 2014, suna rage saurin cutar ne kawai.

A ƙasar Hausa

Misali mafi kusa a arewacin Najeriya shi ne tarin fuka, wanda bakteriyar Mycobacterium tuberculosis ke haddasawa. Robert Koch ne ya gano ta a 1882, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu cutar a Afirka. Wannan bakteriya tana iya rayuwa a cikin makrofej ɗin da ya haɗiye ta. Garkuwar jiki takan kewaye ta da ƙwayoyi kamar ganuwa, kuma wannan faɗan ne ke cinye naman huhu ya bar ramuka da tabo. Saboda haka mutum zai iya kammala maganin wata 6, ƙwayar ta mutu, amma haki bai rabu da shi ba.

Ƙurar dutse ma tana jawo tabo, domin makrofej ba ya iya narkar da ita, kuma tana ƙara haɗarin kamuwa da tarin fuka. Wannan ya shafi masu niƙa dutsen zinariya a yankunan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Hayaƙin itacen girki da taba sigari suna ƙara raunana huhu.

Ganowa da kulawa

A garuruwan karkara irin su Fakku a ƙaramar hukumar Kebbe, da ƙauyukan Tambuwal a kudancin jihar Sakkwato, matakin farko ga wanda ya yi tari na mako 2 ko fiye shi ne gwajin kaki. Gwajin da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin lafiya na gwamnati da aka ware domin haka. Tabbatar da tabon huhu kuwa yana buƙatar hoton CT da gwajin ƙarfin numfashi, waɗanda ake yi a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Bambance tabo da tarin fuka mai rai yana da muhimmanci, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis ba ya goge tabo. Fara maganin tarin fuka da wuri, da shan sa har ƙarshe, yana rage ɓarnar da ake bari a huhu.