Kumburin Ƙwaƙwalwa da Gigin Tsufa: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Ana so hakimai su karanta wannan bayani, malamansu kuma su isar da shi ga dagatai da masu unguwa.

Gigin tsufa, watau dattijo ya riƙa manta sunayen 'ya'yansa, ko ya ɓace cikin garin da aka haife shi, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho yake samu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ke fama da shi.

Cikin 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu da wannan ciwo, ya tarar wata irin dauɗa ta dunƙule tsakanin jijiyoyin. Cikin 1919 kuma wani masani na Sifen, Río Hortega, ya bayyana waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi cikin ƙwaƙwalwa waɗanda aikinsu gadi ne da shara. In sun ga dauɗa ko cuta sai su yi mata taron dangi. Wannan yaƙi nasu shi likitoci ke kira kumburi.

In kumburin ya yi aikinsa ya lafa, alheri ne. Amma in dauɗar ta yi ta taruwa shekara da shekaru, masu gadin ba su hutawa, har su shiga ɓata jijiyoyi masu lafiya. Misalinsa kamar wutar da manomi ya sa wa sassabe ce, iska ta kai ta rumbu. Ba kumburi kaɗai ke kawo gigi ba, amma yana ƙara masa gudu. An gwada asfirin da irinsa don rigakafi, ba su yi amfani ba.

To, ga abin da ake so:

1. A gargaɗi jama'a su nemi maganin hawan jini da ciwon sukari, su bar taba, masu babur su sa hular kwano.

2. In tsoho ya rikice farat ɗaya, musamman da zazzaɓi, a kai shi asibiti ran nan, gama sau da yawa wata cuta ce mai jin magani.

3. In aka kawo ƙarar tsohuwa wai mayya ce, don tana sambatu ko yawon dare, kada hakimi ya bari a taɓa ta. Majinyaciya ce, a damƙa ta ga danginta, a nuna wa likita.