Fayil Yana Cikin Folda Amma Bai Hau Drive Ba: Abin Da Za A Yi Kafin A Goge Manhajar

A ƙarshen watan Nuwamban 2023 wasu masu amfani da Google Drive a kwamfuta suka wayi gari aikinsu na watanni ya ɓace. Akwai wanda ya buɗe foldarsa ya tarar ta koma yadda take a watan Mayun shekarar, babu ko ɗaya daga cikin abin da ya ajiye bayan nan. Kamfanin Google ya amsa cewa akwai matsala, ya ce ta shafi wani ɓangare na masu amfani da manhajar Drive for desktop samfurin 84.0.0.0 zuwa 84.0.4.0. Abin da ya ɓace ɗin gyare-gyare ne da aka yi a kan kwamfuta waɗanda ba su kai ga hawa intanet ba.

Shawarar farko da kamfanin ya bayar ita ce abin lura. Ya ce kada kowa ya cire asusunsa daga manhajar, kuma kada a goge ko a matsar da foldar DriveFS, inda manhajar ke ɓoye fayilolin da ke jiran hawa. Waɗannan kuwa su ne abubuwan da mutum ke fara yi idan manhaja ta rikice: ya fita daga asusu, ya goge ta, ya sake saukewa. A waya wannan dabara takan yi magani. A manhajar ajiya ta kwamfuta, tana iya shafe kwafi ɗaya tak da ya rage.

Ganin fayil a folda ba shaida ba ce

Wanda ya saba da waya yakan ɗauka cewa da zarar ya jefa fayil cikin foldar Drive ko OneDrive, shi ke nan ya tsira. Aikin manhajar shi ne daidaita wurare biyu, abin da ke kan kwamfuta da abin da ke rumbun kamfanin, kuma daidaitawar tana buƙatar lokaci da intanet. Idan aka ɗauke wuta ko data ta ƙare ana tsakiyar ɗorawa, fayil ɗin zai ci gaba da bayyana a foldar alhali bai je ko'ina ba.

Haka kuma daidaitawa tana bin hanya biyu ne. Abin da aka goge a kwamfuta zai gogu a intanet, abin da aka goge ta waya zai ɓace daga kwamfuta. Ɗalibin da ya share folda a wayarsa don ya samu wuri yana iya komawa gida ya tarar babin projet ɗinsa ya tafi tare da ita. Sauƙin da ke akwai shi ne kwandon shara: Google Drive yana riƙe abin da aka goge tsawon kwana 30, haka OneDrive ga asusun mutum na kansa.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a buɗe drive.google.com ko onedrive.com a burauza, ko a duba manhajar waya, a nemi fayil ɗin a duba ranar da aka yi masa gyaran ƙarshe. Idan yana can da ranar da ta dace, ya hau. Idan babu shi, kwafin da ke kan kwamfuta ne kaɗai ake da shi, sai a kwafe shi zuwa filash ko wata folda da ke wajen Drive kafin a taɓa komai.

Alamomin da ke jikin fayil ma suna magana. A OneDrive, shuɗin gajimare yana nufin fayil ɗin yana intanet ne kawai, sunansa ne ke kan kwamfutar. Koren maki yana nufin an sauke shi. Kibiyoyi biyu masu zagaye suna nufin ana kan aiki, jan da'ira mai alamar X kuma tana nufin ya maƙale. Google Drive yana da tsari biyu: Stream, wanda ke barin fayiloli a intanet sai an buƙace su, da Mirror, wanda ke ajiye cikakken kwafi a kwamfuta. Ga wanda intanet ɗinsa ke zuwa yana tafiya, Mirror ya fi kwanciyar hankali idan faifan kwamfutar yana da wuri.

Abubuwan da suka fi tsayar da ɗorawa

Na farko shi ne cikar rumbu. Google yana bayar da 15GB kyauta, amma Gmail da Drive da Google Photos ne ke rabonsa. Tun daga 1 ga Yunin 2021 sabbin hotunan da aka ɗora a Google Photos suke cin wannan wuri, sannan daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga lissafin. Ke nan bidiyoyin biki da ke cikin waya suna iya hana takardar da ke kan kwamfuta hawa, kuma idan rumbun ya cika har saƙon Gmail yakan daina shigowa. OneDrive yana bayar da 5GB ne kyauta, Dropbox kuma 2GB.

Na biyu shi ne hotsfot. Mutane da yawa da wayarsu suke ba kwamfuta intanet, suna kuma saita haɗin a Windows a matsayin Metered connection don kada sabuntawa ta cinye musu data. OneDrive yakan dakatar da kansa idan ya ga irin wannan haɗi. Ba lalacewa ya yi ba, sai an danna tambarinsa da ke kusa da agogo an ba shi izinin ci gaba.

Na uku shi ne agogon kwamfutar. Tsofaffin kwamfutocin tebur da ake saya na hannu sukan zo da ƙaramin batirin cikinsu ya mutu, don haka duk lokacin da aka ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Idan kwanan wata bai daidaita ba, kwamfutar ba za ta amince da takardar tsaron shafin ba, sai manhajar ta kasa shiga asusu. Gyara agogo, da sauya batirin nan mai kama da kwabo, yakan kawo ƙarshen matsalar.

Na huɗu shi ne sunan fayil. OneDrive ba ya karɓar suna mai ɗauke da alamomi irin su * : < > ? / \ |, kuma yana ƙin fayil ɗin da adireshinsa ya haura haruffa 400, wanda kan faru idan folda tana cikin folda tana cikin wata. Fayil ɗin da ke buɗe a wata manhaja shi ma yana iya ƙin hawa sai an rufe shi.

Idan sabuntawa ce ta jawo

Wasu matsalolin daga tsufan manhaja ko na Windows suke. A watan Oktoban 2021 Google ya rufe tsohuwar manhajarsa mai suna Backup and Sync, ya maye gurbinta da Drive for desktop. A watan Maris na 2022 manhajar OneDrive ta asusun mutum ta daina daidaita fayiloli a Windows 7, 8 da 8.1, sannan a watan Agustan 2023 Google ya janye tallafin Drive daga Windows 8 da 8.1 da duk wani Windows mai 32-bit. Mai irin wannan kwamfuta ko sau nawa ya sake sauke manhajar ba za ta gyaru ba. Mafita ita ce ya riƙa ɗora fayilolinsa ta burauza, ko ya koma sabon Windows. Shi kansa Windows 10 tallafinsa daga Microsoft ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka masu shi su fara shiri.

Kafin a sake zuba Windows, ko a kai kwamfuta wajen mai gyara ya yi mata fomat, dole a tabbatar komai ya hau. Mai gyara zai ga folda cike da sunaye ya ɗauka an gama ajiya, kuma babu abin da zai nuna masa wanda ke kan layi yana jira.

Akwai kuma wanda ya biya kuɗin ƙarin wuri amma kwamfutar ta ci gaba da cewa rumbu ya cika. Sau da yawa asusu ne ya bambanta: an sayi Google One da Gmail ɗin da ke kan waya, kwamfutar kuma tana kan wani daban. A duba adireshin imel ɗin da ke cikin manhajar a gwada shi da wanda aka biya da shi. Idan ɗaya ne, a ɗan saurara, domin ƙarin wurin yana iya ɗaukar har awa 24 kafin ya bayyana. Masu Dropbox na kyauta su tuna cewa tun watan Maris na 2019 na'ura uku kawai ake iya haɗawa da asusu ɗaya.

Tsarin da ya kamata a bi

A fara da kwafe duk fayil mai muhimmanci zuwa filash. Daga nan a duba intanet, da agogo, da wurin da ya rage a rumbu da kuma a faifan kwamfutar. Sai a danna tambarin manhajar a karanta saƙon kuskuren, domin yawanci yakan faɗi sunan fayil ɗin da ya maƙale. Idan hakan bai yi ba, a dakatar da daidaitawa a sake kunnawa, ko a rufe manhajar gaba ɗaya a sake buɗe ta. Masu OneDrive suna iya danna maɓallin Windows da R tare su rubuta %localappdata%\Microsoft\OneDrive\onedrive.exe /reset, wanda ke sa manhajar ta sake lissafi daga farko ba tare da goge fayiloli ba. Cire asusu da goge manhaja su ne mataki na ƙarshe, bayan an tabbatar akwai kwafi a wani wuri.

A farkon watan Disamban 2023 Google ya fitar da samfurin 85.0.13.0 da hanyar dawo da abin da ya ɓace: a danne maɓallin Shift, a danna Settings, a zaɓi Recover from backups. Hanyar ta dogara ne da abin da ya rage a cikin foldar DriveFS ta kwamfutar. Wanda ya bar foldar yadda take yana da abin da manhajar za ta tono masa, wanda ya riga ya share ta kuwa sai ya koma neman tsohon kwafi a filash ko a cikin imel, idan ya taɓa ajiyewa.