Wasan "na san abin da kuka taɓa": ga inda dabarar take

Akwai wani wasa da wasunku suka gani a fadar samari ko wurin zaman biki, har ya kai ana gardama. Yaro ya fita waje, a zaɓi wani abu a bayan idonsa, ya dawo ya faɗi abin daidai. Wasu suka ce yaron yana da iskoki. To, ba iska ba ce, kuma yau za mu tona.

Mutum biyu ne ke riƙe da wasan: mai fita da mai tambaya, kuma sun gama shiri tun kafin a zauna. A ce an zaɓi takalmin wani. Mai fita ya dawo, mai tambaya ya soma nuna kaya. "Tabarmar nan ce?" A'a. "Butar shayi?" A'a. "Gawayin nan fa?" A'a. "Takalmin nan?" Sai ya ce shi ne, wuri ya kaure da ihu. Yarjejeniyarsu guda ce: abin da aka ambata bayan baƙin abu, shi ne amsa. Gawayin ne ya buɗe ƙofa. Shi ya sa masu jin Turancin Ingilishi ke kiran wasan da sunan da ke nufin baƙin sihiri, suna ɓoye amsar a cikin sunan kansa.

In jama'a sun fara gano baƙi, sai a sauya. Yau abin da ya biyo bayan mai ƙafa huɗu, kamar kujera ko akuya, gobe tambaya ta uku. Wanda ya fi burge mu shi ne na karta tara, don ba ya son magana ko ɗaya. Ana jera su uku-uku a ƙasa, a zaɓi guda. Mai tambaya ya ɗauki kara ya nuna kartar farko. Inda bakin karan ya sauka a jikinta, nan ne taswirar: in ya taɓa kusurwar sama ta dama, kartar da ke kusurwar sama ta dama a jerin ce aka zaɓa, in tsakiya, ta tsakiya. Kowa na kallon fuskar yaro, ba mai kallon kara. Mai canka kawai zai dace sau 1 cikin 9, dacewa sau uku a jere kuwa 1 cikin 729 ne. Kun ga dole a yi mamaki.

Mu Hausawa wannan ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya tashi da zaurance ya san daɗin magana gaban mutum bai ji ba: "zo mu tafi" ta koma "zoda muda tada fida". Bambancin kawai, mai zaurance kowa ya san yana ɓoye wani abu, mai wannan wasa kuwa kamar ba ya ɓoye komi.

Dabarar ta daɗe. A shekarar 1846 a birnin Paris, wani mai wasan rufa-ido, Robert-Houdin, yakan ɗaure wa ɗansa idanu, ya karɓi kaya daga hannun ƴan kallo, yaron ya riƙa faɗin su ɗaya bayan ɗaya. Uba da ɗa sun haddace alamu ne a tsakaninsu. Wannan mutumin ne kuma gwamnatin Faransa ta aika Aljeriya a 1856, don ya nuna wa mutanen can "ƙarfin" da ya fi na malamansu, su daina bore.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen ke nan. A fada, wanda aka ci dariya kawai ake yi masa. Amma wannan shiri na mutum biyu shi ne jarin ƴan damfara a kasuwa da tasha, da wasu masu duba. Kina zaune a layi, wata ta ja ki da hira, kin faɗa mata ɗanki yana Libiya wata shida ba labari. Kina shiga, mai duba ya ce: "Ina ganin ɗa namiji a arewa, bayan hamada." Daga nan jika goma ta fita, wata rana har akuya. Ƴan uwanmu na Abijan, Kwatano da Legas, sau da yawa kuɗin da kuke aikowa ne ke tafiya haka.

Gwajin ba shi da wuya. A hana mai tambaya magana da nuni, a sa wani daga cikinku ya yi tambayar. A fada, nan take za ku ga abokan shirin biyu sun kalli juna sun fashe da dariya. In kuwa wurin mai duba ne, ku je da wanda ba a sani ba, kada ku ce uffan a layi, ku bar shi ya fara faɗin abin da ya kawo ku.