Kan Bel: Ƙaramin Ƙarfen Da Ke Cin Kuɗin Musaya

A kasuwar Ariaria da ke Aba, jihar Abiya, ana ƙera bel ɗin wando masu ɗimbin yawa. Sai dai ƙarfen da ke riƙe shi a ƙugu, wato kan bel, akasari daga ƙasar Sin ake shigo da shi.

Dalili kuwa shi ne aikin zubi ne. Ana narka tutiya a dura cikin mazubi da inji, sannan a yi masa rufi mai sheƙi. Mazubin yana da tsada, ba ya mayar da kuɗinsa sai an buga dubbai, kuma aikin ba ya yiwuwa da wutar lantarki mai yawan ɗaukewa.

Da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin N460 har ta haura N1,500 a 2024. Mai ƙera bel ba ya iya ɗora wa mai saye dukkan ƙarin, don haka yakan koma ga kai mara nauyi, wanda harshensa ke saurin karyewa. Ɗan kasuwa mai sari ya kamata ya auna nauyin kan a hannunsa kafin ya duba fatar.