Batir Mai Caji da Yadda A Ke Kula da Shi

Yara a ƙasar Yawuri sun daɗe suna ƙera motocin wasa da hannunsu. Waɗansu da karan dawa su ke yi, waɗansu da gwangwani, su ɗaura zare suna ja. Yanzu kuwa akwai wata irin motar wasa da 'yan kasuwa ke kawowa, wadda ba ta bukatar zare. Yaro ya kan tsaya daga nesa riƙe da wani ɗan akwati da a ke kira rimot. In ya danna, sai saƙo ya bi iska kamar yadda muryar rediyo ke bi, motar ta karɓa, ta yi gaba ko baya, dama ko hagu. Abin da ke ba ta ƙarfin tafiya kuwa yana ɓoye a cikinta, watau batir.

Batir iri biyu ne. Akwai wanda in ya ƙare, ya ƙare ke nan, kamar wanda a kan sa wa rediyo. Akwai kuma wanda in ya ƙare a kan sake cika shi da wutar lantarki. Wannan cikawa ita a ke kira caji, abin da a ke cikawa da shi kuma caja. Irin na farko ba a yi masa caji, gama zai tsiyaye ko ya fashe.

Batir mai caji kamar rumbu ya ke. Rumbu ba ya yin hatsi da kansa. Abin da aka zuba masa da kaka, shi a ke ɗiba da bazara. Haka batir, wutar da aka zuba masa ita ya ke ajiyewa har ranar bukata.

To, daga ina wutar ke zuwa? A shekarar 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara, aka gama a 1968. Ruwan da aka tare ya zama babban tafki, wanda ya miƙe har kusa da Yelwa. Ruwan nan ke juya manyan injuna, su ba da wuta, wayoyi su kai ta birane. Amma akwai ƙauyuka a bakin tafkin, a wajen Ngaski, inda wayar ba ta kai ba, inda ta kai ma a kan ɗauke wuta. Saboda haka mutane su kan yi caji da janareto ko da farantin sola, wanda ke mai da hasken rana wuta. Masuncin da ya fita su da dare da tocila a goshi, da mai sayar da kifi a kasuwar Wara da ke jiran kira a waya, duk da batir mai caji su ka dogara. Irin batirin da ke cikin kayansu ɗan'uwan na motar wasa ne, kulawarsu kuma ɗaya ce.

Wani mutumin Italiya, Alessandro Volta, shi ya ƙera batir na farko a shekarar 1800. A 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya yi wanda a ke iya yi wa caji, da dalma da ruwan asid. Irinsa ne ke ta da injin mota har wa yau. A 1991, shekarar da aka kafa Jihar Kebbi, kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara sayar da batirin litiyam. Ba shi da nauyi, ga shi da cin wuta da yawa, shi ya sa ya shiga waya da tocila da motocin wasa. Sai dai ba ya jure wulaƙanci.

Batirin motar wasa sau da yawa ƙwayoyi ne da aka haɗa cikin ƙunshi ɗaya. Ƙarfin wuta da bolt a ke auna shi. Ƙwayar nikel tana da bolt 1.2, in an haɗa shida sun zama 7.2. Ƙwayar litiyam tana da bolt 3.7, in an haɗa biyu sun zama 7.4. Waɗannan lambobi suna rubuce a jikin batir da jikin caja. Ko da ya ke 7.2 da 7.4 suna kusa da juna, cajarsu ba ɗaya ba ce. Ƙwayar litiyam in ta kai bolt 4.2 ta cika. Cajar da ba tata ba ba ta san inda za ta tsaya ba, sai ta yi ta ɗura wuta har batir ya yi zafi ya kama wuta.

Don haka wajibi ne a yi wa kowane batir caji da cajarsa. Yaro kada ya jona caja sai da sanin babba. A ajiye batir a ƙasa, a kan siminti ko daɓe, nesa da katifa da tabarma da zana da kananzir. Kada a bar shi a jone a tafi barci, ko a tafi makaranta. Wutar da ta tashi a ɗaki guda cikin dare, musamman da hunturu sa'ad da jinka ta bushe, tana iya cinye gida har da rumbuna.

Zafi babban abokin gaban batir ne. Da bazara zafin ƙasar Yawuri ya kan kusa kai digiri 40. Kada a bar batir a rana, ko kusa da murhu. In an gama wasa ya kan yi ɗumi, sai a bari ya huce kafin a jona shi. Kuma da zarar mota ta fara jan ƙafa, a tsai da wasa. Batirin litiyam da aka tatse ƙarƙaf ya kan raunana, wani ma ba ya sake karɓar caji. In za a daɗe ba a yi aiki da shi ba, a cire shi daga motar, a ajiye shi a inuwa da kamar rabin cajinsa.

Ruwa ma ba ya shiri da batir. Wanda ya jiƙe a kwalekwale ko da ruwan sama, kada a jona shi. Kada kuma a zuba shi aljihu ɗaya da ƙusa ko mabuɗi, domin ƙarfe in ya haɗa bakunansa biyu, nan da nan ya kan yi zafi.

Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko ya ke wari, ya lalace ke nan. Waɗansu yara su kan tsinci tsohon batirin waya su fasa don su ga cikinsa, ko su ɗaura wa motar da su ka ƙera. Wannan ganganci ne, gama batirin litiyam in an huda shi ya kan yi tartsatsi ya ƙona hannu da fuska. Na mota kuwa ruwansa yana ƙona fata, dalmar cikinsa kuma guba ce. Mataccen batir ba a jefa shi a wuta, ba a jefa shi a tafki inda mutane ke sha, kifi ke rayuwa. A miƙa wa babba, shi kuma ya kai wa masu gyaran waya ko masu sayen tsofaffin batura.

Batirin da aka kula da shi ya kan karɓi caji sau ɗaruruwa kafin ya gaji. Wanda aka yi wa sakaci kuwa, cikin 'yan watanni sai a sake fid da kuɗi, in ma an tsira daga gobara. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Ta yaya batir mai caji ya yi kama da rumbu?
2. In an haɗa ƙwayoyin litiyam uku, bolt nawa za su ba da?
3. Don me ba a yin caji a kan katifa?
4. Me ya kamata yaro ya yi in ya ga batir ya kumbura?