Gyambon Buruli: ciwon da ke zaune bakin ruwa

Idan kana zuwa cin rani ko kamun kifi a kudu, ko kana noman shinkafa a fadama, wannan bayani naka ne.

Ƙwayar cutar da ke kawo gyambon Buruli dangi ce ga masu kawo kuturta da tarin fuka. Likitoci a Ostareliya ne suka fara gano ta a 1948. Sunan kuwa na wani yanki ne a Yuganda inda aka taɓa samun masu ciwon da yawa. Yau an gan shi a ƙasashe fiye da 30, amma ya fi yawa a kudancin Benin, Gana, Kwaddibuwa, Kamaru da kudancin Najeriya.

Masu bincike sun bi diddigin garuruwan da marasa lafiya suka fito. Sai suka ga ciwon yana taruwa ne inda ruwa ke kwance: fadamu, tafkuna da bakin koguna masu tafiya a hankali. A Kamaru an san shi a Akonolinga da Ayos, bakin kogin Nyong, daga baya aka gano shi a Bankim, kusa da madatsar ruwan Mape. A 2024 bincike ya nuna sauro na yaɗa shi a Ostareliya. A Afirka ana ci gaba da nazarin hanyar da yake bi. Ba a ɗaukarsa daga mutum, don haka kada ka ƙyamaci mai shi.

Yakan fara da ɗan kullutu ko kumburi a hannu ko ƙafa, ba zafi. Ƙwayar tana fitar da dafi mai cin nama yana kuma kashe raɗaɗi, shi ya sa mutane ke sakaci har ya fashe ya zama babban gyambo. Kusan rabin masu shi a Afirka yara ne ƙasa da shekara 15. In an makara, gaɓa na iya sandarewa har abada.

Ba sammu ba ne, yana da magani: ƙwayoyi iri biyu, a sha kullum har mako 8. Wanke kowane rauni da sabulu, ka riƙa duba jikin yaranka. In ka ga kullutu marar zafi, kada ka bari a tsaga shi a gida. Zo asibiti, ka gaya wa likita inda ka yi tafiya.